Gansakukar Turaren Inna

Inna ba ta taɓa haɗa turaren wuta babu gansakukar itace a ciki ba. Ba koriyar nan ta bakin rijiya ba. Wannan ruwan toka ce, busasshiya, tana manne a ɓawon tsofaffin itatuwa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ita kaɗai ƙanshin ƙasa take yi, amma Inna ta ce ita ke riƙe sauran ƙanshin a jikin tufa. Wata manomiya daga duwatsun bayan Guider ke kawo mata har gidanmu a unguwar Roumdé Adjia, a ƙulle a bakin zane, duk sanda ta sauko sayar da gyaɗa.

Da Inna ta rasu ban yi kuka ba. Na dafa wa 'yan gaisuwa abinci, na wanke kwanuka. Ƙanshin ɗakinta kuwa kullum raguwa yake, har ranar da na shiga ban ji komai ba sai siminti. Ƙanshin nake so in mayar, shi ya sa na hau motar Guider.

Na tarar da matar ta dawo daga coci tana ɓarar gyaɗa. Ta yi mini gaisuwa, na faɗa mata abin da ya kawo ni.

"Walaa, 'yata, babu," in ji ta. "Da nan bayan gida muke ɓamɓaro ta. Rabi muke ɗauka a kowane itace mu bar rabi, don ba ta da saurin tsiro. Sai masu gawayi suka zo. Su ba su san rabi ba."

"Saman dutse fa, Mama?"

"Mun bi ta har can, ta ƙare. An ce akwai wajen Poli, ni ƙafata ba ta kai can."

Ta kai ni na ga kututturan itatuwan da aka sare. An dasa darbejiya a tsakaninsu, ɓawonta fes, ba abin da ya manne. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba sai ƙishirwa.

A gida mijin ƙanwata, wanda ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba, ya duba waya ya ce in kwantar da hankalina, irin gansakukar na nan jibge a wasu ƙasashe, ba wanda ke tsoron ƙarewarta. Na ce to madalla.

Na haɗa turaren babu ita, na zuba a kasko a ɗakin Inna. Yayata ta shigo, ta ja numfashi, ta fashe da kuka.

"Wallahi shi ne sak," ta ce.

Ni ma na ja numfashi, ina neman na Inna a raina don in gwada su, in ce mata ba shi ba ne. Na nema na rasa. Sai na ce mata haka ne, na ƙara gawayi.