Pani Jadwiga da Gishirin Ƙanƙara

Ranar Talata, 4 ga Maris, 2025, Kinga ta kira ni daga birnin Toruń ta ce mahaifiyarta, Farfesa Jadwiga Rogala, ta rasu da hantsi. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, na ji an sauke mini wani nauyi daga ƙirji.

Pani Jadwiga, kamar yadda muke kiranki don girmamawa, ke kika fara kai ni tsibirin Spitsbergen, can ƙurewar arewacin duniya, ina ɗalibinki. Ke kika nuna mini yadda, idan rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu, gishirin da ke kan ƙanƙarar teku yake sakin sinadarin bromin, shi kuma ya cinye iskar ozon ta kusa da ƙasa har na'ura ta nuna babu. Amma ke ba kya jiran na'ura. Sai ki durƙusa ki lashi dusar ƙanƙara, ki ce, "Da gishiri. Gobe ozon zai gudu." Wani lokaci ki dace, wani lokaci ki sha tsiya a wurin cin abinci. Ran da na ƙi lasa, cewa kika yi, "Witek, harshen naka na zuwa coci ne kawai?" A ranar kuma kika cire safar hannunki kika ba ni, don tawa ta jiƙe.

Sai ciwon mantuwa ya zo. Ya fara da sunayen sinadarai, ya bi ta kanmu ɗalibanki, daga ƙarshe ya kai ga Kinga. Wannan ne ya fi ci mini rai. 'Yar da kika sha bari wurin kakarta saboda aikin arewa, ita ke yi miki wanka, ke kuwa kina ce mata "baiwar Allah", kina yi mata godiya kamar baƙuwa. Ta taɓa ce mini ba mutuwarki take tsoro ba, tsoronta ki tafi ba ki san ko ita wace ce ba.

Ranar Lahadin ƙarshe ina wurin. Kinga ta kawo miki romon kaza, hannunta ya zarce wajen gishiri. Kika kurɓa, kika ɓata fuska, kika ce, "Da gishiri. Gobe ozon zai gudu." Sannan kika dube ta sosai. "Kinga, 'yata, har yanzu ba ki iya romo ba?"

Ta ce, "Wa zai koya mini, Mama? Kina can kina lasar ƙanƙara."

Kika yi dariya, kika riƙe hannunta har barci ya ɗauke ki.

Allah ya ji ƙanki, ya yafe kurakuranki, ya ba ki hutawa a cikin haskensa da ba ya faɗuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninki Pan Ludwik da sauran dangi, Allah ya ba su haƙuri. Ke kuwa Kinga, ki kwantar da hankalinki. Ta gane ki, ta kira sunanki kafin ta tafi, ni shaida ne.