Gurbin da Ya Zo Babu Komai

Aikina a biron wani porje na ruwa, wato ofishin wani shirin kula da rijiyoyi, a Gure yanka ne, kamar na mahauci, sai dai ni rubutu nake yankawa. Masu awo suna zagaya kwaruruwa bisa babur, su zura igiyar awo cikin rijiyoyi, su dawo da lambobi. Duka ana zuba su cikin fishiye guda, dogon rubutu mai layi-layi. Kowane layi ziyara ɗaya ce: sunan kwari, shekara, zurfin ruwa, yawan kanwa, da sauran tarkace, waƙafi na raba tsakaninsu. Shugabanmu ba shi da haƙurin karanta wannan duka. Sai ya leƙo ya ce, "Ciro mini shekara da zurfi kawai." Ni kuma in buɗe baƙin allo, in rubuta umarnin nan cut, wato yanke, in gaya masa gurbi na biyu da na uku, sauran ya zubar. Kafin ƙiftawa da bismilla sun jeru.

Mahaifina yana wani kwari ta wajen Gidigir, inda kakansa ya gina rijiya ya dasa dabino. Tun rasuwar mahaifiyarmu nake fama da shi ya dawo gari ya zauna da ni. Na share ɗaki, na sa katifa, har tabarmar salla na saya. Tsohon nan ko a jikinsa. Ni kuwa, Allah ya sani, ba ni da dogon haƙuri, don haka duk zancen da muka fara ƙarshensa faɗa.

Wata ranar kasuwa sai ga shi a bakin biro, da sandarsa da ƙaramin buhun dabino. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, na samu ƴaƴan dabino goma sha biyu, daga uwa mai kyau. An ce rijiyarmu na cikin na'urarki. Duba mini, in dasa?"

Dabino ba rogo ba ne. Shekaru yake ɗauka kafin ya ba da ko ƙwara ɗaya, kuma duk tsawon shekarun nan ruwa yake so. Na zaunar da Baba kan kujera, na ce bari in fara da kwaruruwan arewa da mu, in ga inda suka dosa.

Na ware layukan kwari na farko, na yanko shekara da zurfi. Lambobin na ƙaruwa, wato ruwa na gudu ƙasa. Can ƙarshe sai shekara ta fito ita kaɗai, gefenta wayam. Na ja tsaki, na ce na kuskure gurbi. Na sake. Haka dai. Na zagi na'urar, na buɗe fishiyen kansa ina ƙirga waƙafi da yatsa kamar ƴar lakwal mai koyon lissafi. Nan na ga waƙafi biyu sun jingina da juna, babu komai tsakaninsu. Kwari na biyu ma haka, na uku ma haka.

Na fita a fusace na samu babban mai awonmu yana gyaran babur.

"Malam, wane irin sakaci ne wannan? Ka je har can ka dawo ba ka rubuta ba?"

Ko kallona bai yi ba. "Me zan rubuta, Hajiya? Igiya ta sauka ta dawo da rairayi."

Na koma na yanko namu. Tamu rijiyar tana da lamba har layin ƙarshe, amma hanyarta ɗaya da ta waɗancan, kamar akuyar da ke bin ƴan'uwanta zuwa kasuwa. Na yi tunanin in ciro wa Baba gurbin kanwa, wanda bai yi muni ba, in ce lafiya lau. Sai wata zuciyar ta ce ai ga hujjar da nake nema tuntuni. Na juyo masa da allon, shi da bai karanta boko ba, na ɗaga murya har sai da na kusa da mu suka waiwayo.

"Baba, kada ka dasa! Ruwan nan tafiya yake. Na arewa sun ƙafe, mu ne na gaba. Ka bar wahalar banza ka dawo gida!"

Har yau ina jin kunyar muryar nan.

Ya murza sandarsa. Sannan ya ce, "Uwata, wa ke ƙara wa gugan nan igiya kowane rani? Na sani. Cewa na yi ko na'urar taki ta ga wani abu da ban gani ba."

"Ba ta gani ba, Baba."

"To, madalla." Ya tashi, ya bar mini buhun dabinon.

Ya dasa su. Duka goma sha biyun. Na yi wata biyu ban kira shi ba don haushi, shi kuwa kowace kasuwa sai ya aiko da gaisuwa.

Tun daga nan duk lokacin da masu awo suka dawo, layinmu nake fara yankowa. A ranin bara na rubuta umarnin da na saba, shekara ta fito, gefenta wayam. Ban ƙirga waƙafi ba, ban je wurin mai awo ba. Na ɗauki waya, na shirya maganata tsaf: yanzu dai ba sauran gardama, ɗakinka na nan.

Kafin in gama sallama ya ce, "Uwata, kin gani ke nan?"

"Na gani, Baba."

"Uku cikin dabinon sun rage da rai. Akwai ruwa a kwarin da ke kudu da mu, jaki na kaiwa ya dawo kafin azahar. In za ki zo, ki zo mini da jarka."

Na ajiye faɗan da na shirya, na ce masa to. Da na tashi daga aiki na biya kasuwa na sayi jarka huɗu, mafi girman da jaki zai iya ɗauka.