Kwamfutar da Na Ji Kunyar Nunawa

Shekarun baya, ban jima da dawowa daga koyon kwamfuta a Kano ba, abokina ya buɗe wurin gwajin jarrabawa a Gaya, inda yara za su zo su saba da kwamfuta kafin jarrabawar shiga jami'a. Shi ke da shago da janareta, ni kuma ke da ilimi, ko in ce abin da na ɗauka ilimi ne a lokacin.

Tambayoyin suna cikin wasu tsofaffin kwamfutoci uku a ƙuryar shago. Na ƙara ta huɗu a gabansu, na sa mata wata manhaja ta kyauta mai raba aiki: duk yaron da ya danna, ita za ta duba wacce ce cikin ukun ba ta da cunkoso ta tura shi can. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke rubuta ta don ganin damarsu, kowa na iya ɗauka, kowa na iya tambaya a dandalinsu.

Da an kunna manhajar sai ta leƙa ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta ƙirga hannayen aiki nawa gare ta da yadda aka jera su, sannan ta raba musu aikin. Tawa hannu biyu gare ta, amma ɗaya kaɗai manhajar ke gani. In yara sun yi yawa sai ta fara jan ƙafa.

Ana haka wani malamin makaranta daga Toranke, dattijo, ya ce zai kawo ɗalibansa ranar Asabar, saura kwana biyu su zauna jarrabawar gaske. Yawancinsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, kuma zuwa ɗaya ne ba ƙari, don da ƙyar ya shawo kan iyayensu.

Na kai kukana dandalin. Wani bawan Allah, ko ƙasarsa ban sani ba, ya amsa, ya ce in buga wani umarni in turo masa abin da ya fito, ya ga irin ƙwaƙwalwar. Na buga. Layi kaɗan ne, da sunan wata ƙwaƙwalwa da ta kusa sa'ar yaran. Na duba abin da wasu ke turowa, manyan na'urori masu hannaye barkatai. Na waiwayi tawa, murfinta ɗaure da waya, fankarta na ƙara kamar injin markaɗe. Kunya ta kama ni. Na kwafo bayanin wata babbar na'ura daga intanet, na tura masa a matsayin tawa.

Mutumin bai zarge ni ba. Tela da awon da ka ba shi yake yanka, ya zauna ya tsara mini saiti na na'urar da ba ni da ita. Na sa, na gwada da kwamfuta biyu, ta yi. Har na ce wa abokina ya kwantar da hankalinsa.

Ranar Asabar da hantsi bas ta sauke ɗaliban. Suka zauna a ɗarare, wasu na goge hannu a riga kafin su taɓa komai. Da suka danna gaba ɗaya, manhajar ta ɗora wa hannu biyu aikin hannu talatin. Komai ya tsaya cak. Na kashe na kunna, na sake, har aka yi azahar. Tsohon saitin kuwa ban ajiye shi ba. Da la'asar direba ya fara matsa oda.

Malamin ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kar ka sa wa ranka damuwa. Sabis ɗin ƙasar nan ne, mun san halinsa. Allah ya yi maka albarka."

Wurinmu ko intanet ba ya amfani da shi. Na ce amin.

Washegari na tura wa mutumin bayanin gaskiya, na ce na yi kuskure. Amsarsa gajera ce. Ya ce me ya hana ni turo wannan tun farko, sun daɗe suna neman mai irin wannan tsohuwar ƙwaƙwalwar don su gwada gyaransu, ba su samu ba. Layi biyu na saiti ya ba ni. Kafin in gama shan shayi manhajar ta ga hannu biyun, kuma ba ta ƙara tsayawa ba.

Yaran suka shiga jarrabawa a haka. Ban bi diddigin sakamakonsu ba, kuma na san dalilin da ya sa ban bi ba.

Yanzu in zan nemi taimako, abin da ke gabana nake nunawa, ko da ya fi haka muni. Wannan darasin bai yi mini wuya ba, tunda ba ni na ɗauki nauyinsa ba. Malamin kuwa ya yi ritaya, mukan haɗu a kasuwar Ajingi. Duk haɗuwa sai ya riƙe hannuna ya gaya wa na kusa da shi cewa wannan yaron ya yi wa ɗalibansa wahala yini guda, sabis ne ya ci amanarsa. Har yau ban gyara masa zancen ba.