Wadda Ta Riƙe Wa Baba Gwiwar Hannu

Ni na samo mata aikin, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Lokacin ina zaune a unguwar Mount Hope a New York wajen yayana da matarsa, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kamfani ya tura ni wajen wani tsoho ɗan ƙasar Sin, can ƙasan Manhattan, a wani ƙaton ɗaki kamar sito. An ce mini mai zane ne. Na shiga ina tsammanin hoton mutane ko furanni, sai na tarar da manyan takardu a bango, baƙi ya kwanta a kan fari, wani wuri kamar an ja jiƙaƙƙiyar tsintsiya, wani kamar ruwan sama ya daki katangar ƙasa. Na tambaye shi hoton mene ne. Ya ce ba hoton komai ba ne. Na ce to Allah ya ba da kasuwa.

Turancinsa a karye, nawa ma haka, sai muka daidaita. Ina yanke masa farce yana ba ni labari. Kakansa ya koya masa rubutu da buroshi a wani gari na bakin kogi. Ya bar gida yana saurayi, ya zauna a Faris, ya zo New York ya yi wanke-wanke a gidajen abinci, yana zane a kan teburin kicin. Turawa suka ce zanensa na 'yan Sin ne. Da ya koma gida da furfurarsa ya nuna aikinsa, mutanensu suka ce na Turawa ne. Yana faɗa yana dariya. Ni ban ga abin dariya ba, amma daga ranar na fara ce masa Baba.

Ba ya taɓa tawadar kwalba. Tasa wata baƙar sanda ce mai tauri, a ɗiga ruwa a kan dutse mai ɗan kwarmi, a riƙa goga ta a zagaye har ruwan ya yi kauri. Hannunsa ya fara rawa, sai gugar ta dawo kaina. Ni kuwa ga wanki, ga magani, ga shinkafa a wuta. In danna sandar da ƙarfi in gama in tashi. Yakan ja buroshi a gefen takarda ya ce akwai tsaki-tsaki a ciki, amma ya yi aiki da ita, tunda ba shi da kowa sai ni.

Da 'yarsa ta ce ana neman mai zuwa Asabar da Lahadi, na kai maƙwabciyarmu, 'yar Zangon Kumasi. Ta girme ni nesa, Anti nake ce mata. Mace ce da in ta fara gaishe ka a dandamalin tasha, jirgin ƙasa zai zo ya tafi ba ta kai kan yara ba.

Ba a daɗe ba, wata Litinin na tarar da Baba yana zumuɗi. Ya nuna mini wani layi da ya ja, baƙi sumul har yana sheƙi. Ya ce Anti takan zauna ta yi ta guga tun safe, tana ɗan waƙa a maƙogwaro. Na ce shi ya sa na tarar da wankin kwana biyu yana jira na. Bai ma ji ba. Tun daga nan kowace magana sai ta biya ta kan Anti: ta ce wannan zanen yana kama da kasuwa bayan an tashi, ta kawo masa shito, soyayyen yajin mutanen Kumasi, ya ɗanɗana har da hawaye. Ni da nake ɗaga shi daga baho, ban taɓa jin ya maimaita maganata ba.

Sai aka shirya masa nunin zane-zanensa, ya ce zai yi babban zane guda, wataƙila na ƙarshe. Takardar a ƙasa ake shimfiɗa ta, tsawon ɗakin. Dole ya miƙe tsaye da buroshi mai kaurin taɓarya, wani ya riƙe masa gwiwar hannu da ƙugu ya bi shi. Ja ɗaya ne, ba a gyarawa. Na sa a raina ni ce. Na shiga zuwa da wuri, in kashe waya, in zauna in goga sandar nan a hankali har kafaɗata ta ƙage. Ran nan ya gwada, ya gyaɗa kai, ya ce yau ban yi faɗa da dutsen ba. Na tambaye shi yaushe za mu yi babban. Ya ce Asabar.

"Baba, Asabar ba ranata ba ce."

"Na sani," ya ce. "Ke kin san inda za ki tun kafin ki tashi. In kika riƙe ni, can za ki kai ni."

Da yamma na haɗu da Anti a matattakalar gidanmu. Ta riga ta sani.

"Ƙanwata, kar ki ɓata rai. Zo ki tsaya da keken guragunsa, in ya gaji mu zaunar da shi."

Na ce ba za ni ba, ina da kitso. Asabar ta yi, na je.

Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da keken guragu. Anti ta tuɓe takalmi, ta ɗora tafinta a ƙarƙashin gwiwar hannunsa kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka tsaya suna kallon takardar har na fara jijjiga ƙafa. Sannan ya sauke buroshin, suka tafi. Inda hannunsa ya yi rawa ta bar shi ya yi, layin ya tarwatse kamar gashin zakara, ya sake haɗuwa. Da ni ce, da na taushe hannun tun a can. Abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, kyan da ya sa na ji ɗaci a bakina.

Da suka kai ƙarshe na tura keken, ya zube a ciki yana haki. Ya riƙe hannun Anti da nasa biyu. Ni ya miƙo mini buroshin in wanke, na wanke shi tas na rataye.

Litinin na kira kamfani na ce a sauya mini gida. Da na gaya wa Baba, sai ya tambaya wa zai riƙa yanke masa farce. Na ce Anti tana da haƙuri.