Tsohon Iri

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, akwai abin da ba zai fita daga raina ba: ranar da na yi wa mahaifina ƙarya a gaban likita ya kama ni, da abin da ya yi da gaskiyar bayan ta shiga hannunsa. Shekara tara ke nan, amma har yau in na tuna sai kunya da alfahari su taso mini tare.

Baba manomin garka ne, wato lambu, a Jiratawa. Yana noma zogale da tattasai kamar kowa, amma da irin albasa aka san shi. Mutane kan zo tun daga nesa su saya a hannunsa, don shi ba ya sayar da irin da ya shekara. Kafin ya auna wa kowa, sai ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye 'yan kwanaki, ya ga nawa za su tsiro. In kaɗan ne suka tsiro, sai ya zubar da sauran ko da tiya guda ne. Muna yara haushin wannan muke ji, mu da muka ga wahalar da aka sha kafin a tara shi.

Mu biyar ne a wajen mahaifiyarmu, dukkanmu dogaye har ana yi mana tsiya. Ni ce babba, kuma sunan kakarmu na ci, shi ya sa Baba bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya yi shekara shida ba mata, sai da muka matsa masa sannan ya auri wata bazawara daga Tsibiri, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Shi ya haura sittin, ita ba ta kai arba'in ba. Mace ce mai sanyin hali, ba ta da yawan magana. Kowa Amarya yake ce mata, har mu.

Da cikinta ya isa haihuwa sai da aka kawo ta Maraɗi aka yi mata aiki, don an ce kan jaririn ya yi girma. Ni ina aure nan Maraɗi, a unguwar Sabon Gari, ina koyarwa a makarantar firamare, saboda haka ni na fara karɓar jaririyar. Kyakkyawa ce, ga gashi, ga ido tar. Amma da na buɗe zanen sai na ga hannuwanta da ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, goshinta kuma ya fito. Ma'aikaciyar asibitin ta ce mu dawo da ita wajen likitan yara bayan wata guda. Na mayar da zanen na rufe ta.

Ranar suna aka ci aka sha, amma kowace mace ta ɗauki yarinyar sai ta ajiye ta da sauri ta dubi ta kusa da ita. Kafin la'asar kalmar ta zagaya gidan: wada. Gwaggo, wato yayar Baba wadda ta raine shi tun yana ƙarami, ita ce ta faɗa a fili.

“Ɗiya biyar ya haihwa, kowane kamar giginya,” in ji ta. “Wanga abu ba namu ba ne. Ko dai ga danginsu yake, ko ta ƙetara wani abu da ciki. Ku dai kun san Tsibiri.”

Ba wanda ya tuna mata cewa ita ma Amarya 'ya'yanta biyu lafiyayyu ne. Ni ma ban tuna mata ba. Gaskiya in faɗa, a raina na yarda da ita, duk da takardar makaranta da nake taƙama da ita.

Washegari mahaifiyar Amarya ta tafi da ita Tsibiri don ta yi jinyar aikin a gida. A al'adar gidanmu, in mai jego ta kusa arba'in, Gwaggo ce ke kai goro gidan iyayenta a sa ranar da za ta dawo. In goro bai je ba, kowa ya san ma'anarsa, ba sai an furta saki ba. Gwaggo ta rantse ƙafarta ba za ta taka Tsibiri ba. Ta ce a bar ta can, tun kafin ta cika mana gida da irinsu. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mutum ne da bai saba musu da yayarsa ba, ga shi kuma shi ma abin ya ɗaure masa kai.

Ana saura kwana biyar arba'in muka haɗu a asibiti: ni, Baba, da Amarya da ta zo daga Tsibiri da yarinyar, wadda muke kira Auta. Likitan mutumin yammacin ƙasa ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka ni ce tafinta. Ya duba Auta a hankali, ya tambayi ko akwai gajere irin haka a dangin uwa ko na uba, aka ce babu. Ya tambayi shekarun Baba. Sai ma'aikaciya ta fita da Amarya ɗaki na kusa don a auna nauyin yarinyar da girman kanta. Muka rage mu uku.

Likitan ya yi mini bayani da Faransanci. Ya ce jikin kowane yaro daga rabon uwa da rabon uba ake haɗa shi. Shi rabon namiji, jiki ba ya daina sabunta shi, kullum ana kwafar sabo daga wanda ya gabata, tun daga balaga har tsufa. Da shekaru sun ja, kwafar ta yi yawa, wani lokaci ɗan kuskure kan shiga. Nan take na gane, don na san abin da ke faruwa in ɗalibaina suka yi ta kwafar darasi daga littafin juna. Ya ce irin gajartar Auta, in iyaye duka masu tsayi ne, kusan kullum ta wajen uba canjin ke zuwa, kuma an fi ganinsa ga maza masu shekaru. Ba daga kakanni ba ne, ba abinci ba ne, ba wani abin da uwar ta yi ba ne. Ya ƙara da cewa yawancin dattawa lafiyayyun 'ya'ya suke haifa, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Hankalin yarinyar lafiya lau, za ta yi karatu kamar kowa, sai dai a riƙa kawo ta ana duba kanta da numfashinta da kunnuwanta, a kuma tallafe mata wuya da baya sosai wajen ɗauka.

Na dubi Baba, yana zaune a bakin kujera da hularsa ta Juma'a, hannuwansa a kan gwiwa. Ta yaya 'ya za ta buɗe baki ta gaya wa ubanta irin wannan? Sai na ce, “Baba, ya ce ikon Allah ne. A riƙa kawo ta awo.”

Ya ƙura mini ido. Sannan ya ce, “Uwata, komi ikon Allah ne, wanga ba sai na zo wurin lokotoro ba. Mutumin ga ya yi magana mai tsawo, ke kin ba ni guntuwa. Ban yi lakkwal ba, ban san Faransanci ba, amma na ji ya ce papa har sau ukku. Mi yac ce game da ni?”

Na rasa inda zan sa kaina. Na lalubi kalmar da zan iya faɗa a gabansa ba tare da ƙasa ta tsage na shige ba, ban samu ba sai tasa ta garka. Kaina a ƙasa na ce, “Ya ce ba daga ƙasa ba ne, Baba. Ya ce wani lokaci iri in ya daɗe...”

“Ƙarasa,” in ji shi. Haka ya sa ni na maimaita masa komai, guntu-guntu, yana tsayar da ni yana tambaya kamar mai cinikin saniya. Da na gama sai ya ce in tambayi likitan abu ɗaya: ya tabbata ba ruwan uwar? Likitan ya gyaɗa kai. Baba ya tashi ya miƙa masa hannu biyu.

Bayan mun sa Amarya a motar Tsibiri, bai ce mata komai ba sai Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa ya ce in raka shi kasuwa. Goro ya saya, fari mai kyau, aka naɗe masa a ganye. Na gane inda ya dosa, sai tsoro ya kama ni, don na san bakin mazan garka.

“Baba, ka maido ta kawai,” na ce. “Maganar nan mu biyu muka ji ta. A bar ta tsakaninmu.”

“In na maido ta ban hwaɗi ba,” in ji shi, “ta dawo gidan da kowa ka kallonta da abin da ba ta yi ba. Ita ma kanta haka za ta ɗauka. Wannan ba maidowa ba ce.”

Ban san me ya gaya wa Gwaggo ba. Na dai san ranar arba'in da hantsi muka sauka a Tsibiri mu uku, tana gaba tana ƙunƙuni, ita a zatonta sallama aka je yi cikin mutunci. Mun tarar da tsakar gidan cike da mata, amma ba walwala. Mai jegon da za ta koma ɗakinta akan yi mata kitso da lalle tun jajibiri. Amarya na zaune a ƙofar ɗaki da Auta a cinya, kanta a tsefe, ƙafafunta fari fat. Da na ga ƙafafun nan sai da zuciyata ta karye, don sun gaya mini ta riga ta fid da rai.

Baba ya cire takalmansa tun daga zaure. Ya durƙusa a gaban surukarsa, matar da ya girma da shekara biyu ko uku, ya gaishe ta da Inna kamar yadda ya saba. A wajenmu namiji ko ido ba ya haɗawa da surukarsa, balle ya yi maganar haihuwa a gabanta. Shi kuwa ya ɗaga murya yadda har na bayan rumbu za su ji.

“Inna, ku gahwarce ni, yau zan aje kunya in ɗauki gaskiya. An yi ta magana kan ɗiyar ga, an ɗora ma uwatta. Mun tahi wurin lokotoro, ga Uwata nan ita ta hwassara. Ya ce ba ruwan uwa, ba ruwan danginku. Daga wajena ne, shekaruna ne. Ya ce ba laihin kowa ba ne, amma in dai sai an nemi inda yah hito, to ga ni.”

“Kai, ruhe bakinka!” in ji Gwaggo. “Gaban surukai?”

“Yaya, ki yi haƙuri, ban taɓa tsallake maganarki ba,” ya ce. “Amma shekara arba'in ina hwaɗa ma mutane, in kun shibka irina bai yi ba, ku zo gare ni, kada ku zagi ƙasarku. Yau da yaz zo kaina sai in zagi ƙasa? Ƙasa lahiyatta lau. Iri ne ya tsuhwa. Kuma wanga tsiro ba na zubarwa ba ne, ɗiyata ce.”

Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Amarya ba ta yi kuka da ƙarfi ba, hawaye ne kawai ke sauka a kan zanen Auta. Kwana arba'in tana laluben abin da ta ƙetara ko ta ci, daga baya ta gaya mini.

Baba ya fito da goron zai ajiye. Sai Gwaggo ta fizge shi daga hannunsa. Na ɗauka jifa za ta yi da shi. “Namiji ba ya kai goron arba'in,” in ji ta. “Ban mutu ba tukuna.” Ta taka da kanta ta ajiye shi a gaban mahaifiyar Amarya. Ita kuwa tsohuwar ta daɗe tana kallon goron, sannan ta juya ta ce a kirawo mai lalle.

Abin da na ji wa tsoro bai fasa faruwa ba. Kafin mako ya zagayo labari ya cika Jiratawa, abokan wasansa suka laƙaba masa Tsohon Iri. In ya shigo garka sai ka ji an ƙwala masa kira daga can cikin zogale, shi kuwa ya amsa da na'am yana dariya. Na san akwai ranakun da ta yi masa zafi, don na ga ya dawo gida bai ci abinci ba. Amma bai taɓa janye ko kalma ɗaya ba. Daga baya wasu dattawan sukan bari sai ba kowa, su zo su tsuguna kusa da shi suna tambayarsa me likitan ya ce daidai. Gwaggo kuwa har ta rasu ba ta yarda likitan ya san aikinsa ba, sai dai duk wanda ya kalli Auta sau biyu zai ji bakinta.

Yanzu Auta tana makaranta, an yi mata ɗan benci na taka ƙafa, kuma surutunta ya ishi aji guda. Kwanan baya wani baƙo da ya zo sayen iri ya gan ta a bakin garka ya tambaye ta 'yar wane ne. Ta ɗaga kai ta ce, “Ni ɗiyar Tsohon Iri ce.” Baba na daga ciki yana kunce jiƙaƙƙen tsummansa, ya yi ta dariya har da tari.

Ni da na yi makaranta, na ji gaskiya da kunnena na ɓoye ta don in kare girman mahaifina. Shi da bai yi ba ya nuna mini ban san inda girman nasa yake ba. Tun daga ranar na koyi cewa in shirunka zai sa wani ya ɗauki kayan da ba nasa ba, to shirun nan ba kunya ba ce, zalunci ne. Kuma ban taɓa ganin Baba da tsayi ba kamar ranar da na gan shi a durƙushe a Tsibiri.