“Da Sauƙin” Baba a Filin Jirgi

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta dawowarmu daga Masar ni da Baba ba, dawowar da na ƙarasa ni kaɗai.

Ciwon hanta ne ya kai mu can. Da likitoci suka yi iya yinsu, sai babbansu ya ja ni gefe ya ce in mai da shi gida, sauran na Allah ne. Ban gaya wa Baba ba, amma tsoho ba yaro ba ne. Ya dube ni ya ce, “Ka kai ni gida Yankara in ga dawata kahin a yanke ta. In ta Allah ta kasance, a sa ni kusa ga Innarku.” Iyakar abin da ya roƙa ke nan.

Asibiti ya riga ya cinye guzurinmu, don haka na yanki tikitin jirgin nan mai sauƙin kuɗi, wanda sai ya yada zango a wata ƙasa kafin a wuce Kano. Har ina yaba wa kaina wai na yi dabara. Ashe gaskiyar masu magana ne, araha ba ta ado.

Muna sauka a zangon aka ce jirginmu zai ɗan makara. Wannan “ɗan” shi ya cinye yini, ya haɗa da kwana. Ba masauki, ba abinci, wai tikitinmu bai ƙunshi wannan ba, kuma ba mu da izinin fita gari. Kujerun ƙarfe ne masu hannu, ba damar kwanciya, ga sanyin na'ura kamar an saka mutum a randa. Na shimfiɗa wa Baba babbar rigata a ƙasa. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Ni dama zuciya gare ni. Na yi ta zarya wurin ma'aikatan ina faɗa, su kuwa sai murmushi da ban haƙuri, abin da ya fi zagi ciwo. Baba yakan ce, “Ƙyale su hakanan, su ma aiko su anka yi.”

Washegari da hantsi na ɗora shi a keken marasa lafiya, na tafi neman ruwan zafi in dama masa kunu. Wurin da nisa, ga layi. Ina dawowa na tarar mutanen jirginmu sun ragu. Wata Hajiya 'yar kasuwa da muke zaune tare ta tare ni, ta ce ma'aikata sun zo, an sami 'yan kujeru a wani jirgin da zai tashi Kano yanzu, na masu goyo da waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Sun tsaya kan Baba, ita ta yi tafinta. Suka tambayi jikinsa, ya ce, “Da sauƙi, alhamdulillahi.” Ta faɗa musu haka, suka wuce.

Na ce, “Haba Hajiya! Ba ki ga ƙafafunsa ba?”

Ta ce, “Wallahi ɗana, abin da ya ce shi na faɗa.”

Na sheƙa da gudu, na tarar an rufe ƙofar shiga jirgin. Na dawo wurin Baba, ranar ce kaɗai a rayuwata na ɗaga wa Baba murya. Na ce, “Baba, don me?”

Ya ce, “To mi zan ce? In zauna gaban baƙo ina hwaɗin ciwona, kamar mai kai ƙarar Ubangijinshi?”

Sai na durƙusa na riƙa ba shi kunun, hawaye na zuba. A garinmu ko mutum na gargara, “da sauƙi” zai ce, kowa kuma ya san abin da ake nufi. A can ba wanda ya sani.

Kafin namu jirgin ya samu, Baba ya suma. Sai a lokacin aka buɗe mana ƙofar fita, zuwa asibitin birnin. Bayan la'asar ya cika. Waɗansu bayin Allah da ko gaisuwarsu ban iya ba su suka taya ni wanka da salla, muka binne shi cikin baƙi. Allah ya saka musu.

Na iso Yankara da sandarsa da hularsa. Dawar tana nan tsaye ba a yanke ba, ta yi kyau irin wanda ba ta taɓa yi ba. Wurin nan na kusa da Inna kuwa har yau in na je ziyara ba na iya dubansa.

Abin ya koya mini cewa ba a haɗa mara lafiya da jirgin da ba ya cika alkawari, komai arharsa. Ya kuma koya mini cewa “da sauƙin” tsofaffinmu addu'a ce, ba labarin jiki ba. Yanzu in na je duba dattijo ya ce mini da sauƙi, nakan ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan in sunkuya in dubi ƙafafunsa.