Ranar da na kai yarona asibitin Birnin Kudu

Yarona ya kusa yaye, ko rarrafe bai yi ba. Na farko ya rasu yana jariri, shi ya sa wannan ban cika sauke shi daga bayana ba, ko daka nake yi. Tsorona kada a ce ƙafafun sun mutu.

Mun tashi da asuba daga Sara, ni da uwar mijina, muka hau bas a Gwaram. Damina ce, gero ya fi mutum tsawo, hazon ruwa kwance a kansa kamar ba a duniya muke ba. Wani tsoho ya yi ta faɗa da yaron mota, wai tunda naira ta zo ko dafaffiyar gyaɗa ta koyi girman kai. Na yi gyangyaɗi, na farka na ga duwatsun Birnin Kudu, wani kan wani, sai ka ce da hannu aka ɗora.

Likitar Ba'indiya ce, da jan ɗigo a goshi. A kan teburinta akwai ƙaramin hoto, an zagaye shi da furanni, turare na hayaƙi a hankali. Ta lanƙwasa ƙafafun yaron, ta miƙar, ta yi masa cakulkuli. Hausarta a karye take amma ana ganewa.

"Ƙafa lafiya. Zani ne ciwo. Wa yake jin daɗin goyo, shi ko ke?"

Uwar mijina ta ce, "Faɗa mata dai, Likita, ni bakina ya gaji."

Likitar ta ce a addininsu son jin daɗi igiya ne, yana ɗaure rai ya hana shi isa wurin Ubangiji, ya yi ta dawowa duniya. Wai har ɗa yana zama igiya, in uwa ta manta aro aka ba ta. Maganar dawowa duniya ba tamu ba ce, na bar mata. Amma ɗumin nan na bayana, gaskiya ni nake jin daɗinsa.

Mun iso gida da la'asar. Na shimfiɗa tabarma, na kwance majanyi, na ajiye shi. Ya yi kuka, na zauna a kan hannuwana. Can sai ya hango kaza, ya ja ciki ya bi ta, ko waiwayata bai yi ba. Bayana ya yi sanyi har cikin ƙashi.

Iyaye mata da kuka riga ni, don Allah ku sa ni a addu'a, kada gobe in sake ɗaukarsa.